Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Jirgin Dakon Kaya na Sojan Ruwan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu

Mai son gano abin da jirgin dakon kaya na sojan ruwan Amurka ya yi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara da lambar da ke jikinsa tukuna, domin suna yakan canja, lamba kuma tana taimakawa wajen haɗa takardu, ko da yake ita ma wani lokaci takan canja. Jiragen kaya suna ɗauke da haruffan AK, waɗanda kuma ke sauke kaya a bakin gaɓa yayin farmaki suna ɗauke da AKA. Jirgin Serpens, mai lamba AK-97, an fara ƙera shi a Kalifoniya a 1943 da sunan Benjamin N. Cardozo, don haka wanda ya nemi suna ɗaya kaɗai zai rasa farkon labarinsa.

Bayan nan sai a nemi littafin da jami'in da ke bakin aiki ke cikawa kullum a kan jirgin, wanda Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasar Amurka ke adanawa a College Park, jihar Maryland. A cikinsa ake ganin ranar tashi da tashar da aka yada zango, kuma a ganina babu madogara da ta kai shi, tunda a ranar da abu ya faru aka rubuta shi.

Idan jirgin ya halaka, shafukan ƙarshe sukan tafi tare da shi. Serpens ya fashe ranar 29 ga Janairun 1945 a gaɓar tsibirin Guadalcanal da ke Tekun Pasifik ana lodin bama-bamai, mutane fiye da 250 suka rasu. A irin wannan hali, a duba rahotannin jiragen da ke kusa a wannan daren, a gwada su da jerin sunayen ma'aikatan jirgin.