Yadda Ake Lissafin Tsohon Bashi Tsakanin Naira da Sidin Ghana

Duk gidan da aka taɓa fataucin goro tsakanin Jos da Kumasi, ko ba daɗe ko ba jima sai wata tsohuwar takarda ta fito daga akwati, galibi ranar rabon gado: wane yana bin Alhaji fam kaza, wane ya karɓi sidi kaza bai biya ba. Aikin akawu na yi, shi ya sa maƙwabta a Unguwar Rogo suke kawo mini irin waɗannan takardu. Ga yadda nake bi da su.

Kafin ka dubi adadin kuɗin, nemi shekarar da aka rubuta takardar. In babu kwanan wata, tambayi dattawan gidan ko lokacin Gowon ne ko na Shagari, ko kafin Alhaji ya je Makka ne ko bayan ya dawo. Shekarar ce za ta gaya maka wane kuɗi ake nufi, domin suna ɗaya ya hau kan kuɗaɗe daban-daban.

Ɓangarenmu bai da wuya. Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da fam na ƙasa a 1959. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbinsa: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. In ka ga "jaka" a takarda, fam 100 ke nan, wato naira 200. Daga nan har yau ba a taɓa cire wa naira sifili ba. Soludo, gwamnan Babban Bankin a lokacin, ya so cire biyu a 2007, gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar da shirin. Canjin kuɗi na 1984 da na 2022 launi da zane suka taɓa, adadi yana nan yadda yake.

Sidi ne mai rikici, nan za ka natsu. Sidin farko ya fito a Yulin 1965 da hoton Nkrumah, a kan sidi 2.4 fam ɗaya na Ghana. Bayan juyin mulkin 1966 aka kawo sabon sidi a Fabrairun 1967, kowane ɗaya a madadin tsohon sidi 1.2, wato sidi biyu fam ɗaya. A Maris na 1979 aka canja takardun kuɗi da ragi: mai kuɗi a hannu ya kai goma ya karɓi bakwai, abin da ya haura 5,000 kuwa rabi ake ba shi. Wannan ya shafi tsabar da aka ajiye a gida, to in takardar ta ce an bar wa wani ajiya a Kumasi kafin lokacin, kada ka yi saurin cewa ya ci amana. Sai babban canji na Yulin 2007, zamanin shugaba Kufuor, da aka cire sifili huɗu: tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya.

Akwai tarko a nan. Har gobe tsofaffin 'yan kasuwa a zangunan Ghana suna kiran sidi 100 "miliyan ɗaya". Idan takardar bayan 2007 aka rubuta ta kuma ka ga miliyoyi a kan 'yan huhunan goro, buga waya ka tambaya da wane lissafi aka rubuta.

Da ka tabbatar da kuɗin da shekararsa, kada ka nemi canjin naira da sidi kai tsaye. Bi ta dala, don ita ce aka fi adana tarihin farashinta. Babban Bankin Najeriya da na Ghana da Bankin Duniya duk suna da jadawalin shekara-shekara a intanet. Misali, fam 50 na 1970 naira 100 ne a lissafi, amma lokacin fam ɗinmu dala 2.80 yake, ka ga dala 140 ke nan. Ko sidi miliyan 5 na 2005: a sabon kuɗi 500 ne, dala tana wajen sidi 9,000 da 'yan kai, ya kama kusan dala 550, a naira ta wannan shekarar kuwa dubu 70 da ɗoriya.

Sai dai jadawalin banki farashin gwamnati yake nunawa, kuma akwai shekarun da farashin gwamnati a takarda kawai yake. Daga 1978 zuwa 1983 Ghana ta ƙulle dala a sidi 2.75, alhali a kasuwar bayan fage ta ninka haka sau da yawa. Mu ma zamanin Abacha dala tana naira 22 a hukumance, a hannun 'yan canji kuwa ta haura 80. Falken goro ba ya samun dala a banki, da 'yan canjin bakin iyaka yake hulɗa. A ganina, duk bashin da ya faɗo cikin waɗannan shekaru, farashin kasuwa ya kamata a ɗauka, ko da magada za su ɗan ɓata rai.

Ka lura da shekarun da farashi ya yi tsalle, don a cikinsu wata ma yana da muhimmanci, matsakaicin shekara bai isa ba. A Najeriya su ne Satumbar 1986, da Babangida ya buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, naira da ta fi dala daraja a 1980 ta koma wajen huɗu a dala ɗaya cikin 1987; sai Yunin 2016; sai Yunin 2023, da dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700. A Ghana kuwa Disambar 1971 da kuma 1983.

Daga ƙarshe rubuta adadi biyu a takarda ɗaya: abin da bashin ya kama in an bi canjin suna kawai, da abin da ya kama in an bi ta dala. Za ka ga tazarar tana da ban tsoro, naira 100 a gefe guda, dala 140 a ɗaya gefen. Wanne za a biya? Wannan ba hurumin akawu ba ne. Malaman fiƙihu sun yi saɓani kan biyan misli (adadin da aka rubuta) ko ƙima (darajarsa) idan kuɗi ya karye, saboda haka ka kai wa malamin da ke rabon gadon ko alƙali duka biyun, tare da hoton asalin takardar da bayanin inda ka samo kowane farashi.