Yadda za ka sa mutum ya ɗauki abin da kake so, shi kuma yana ganin zaɓinsa ne

Masu wasan rufa ido ba karanta zuciya suke yi ba fa, zaɓin suke shiryawa tun kafin ka miƙa hannu. Ga wata mai sauƙi ka gwada.

Ajiye abu uku a tebur: makulli, zobe, agogo. Rubuta "zobe" a takarda ka ninke ka aje gefe. Sai ka ce wa abokinka "taɓa guda biyu". Lura, taɓa ka ce, ba zaɓa ba, kuma ba ka faɗi me za a yi da su ba, to nan duk sirrin yake. In ya taɓa makulli da agogo sai ka kwashe su ka ce to saura zobe. In kuma zoben na cikin biyun, ka ture na ukun ka ce "miƙo min ɗaya". Ya miƙo zobe? Shi ke nan, da hannunsa ya ba ka. Ya miƙo ɗayan? Ka jefa shi gefe ka ce ashe zoben ka riƙe wa kanka. Ta ko'ina dai a zobe ake ɓullewa, sai ka buɗe takardar ka nuna masa. Kar ka yi jim, kar idonka ya je kan zoben, daƙiƙa ɗaya ka tsaya lissafi asiri ya tonu, kuma don Allah kar ka yi wa mutum ɗaya sau biyu, yana jin maganar ta canja zai gano ka.

Akwai ta karta ma. Jera kati huɗu a kife ka ce ya turo ɗaya da sauri. Gustav Kuhn da abokan aikinsa a jami'ar Goldsmiths ta Landan sun ga kusan kashi 60 cikin 100 na mutane kati na uku daga hagunsu suke turowa, don mutane na gudun na gefe kuma shi ne kusa da hannun dama. Wannan takan ƙi, ka tanadi mafita.

Wadda ta fi ba ni mamaki ta Jay Olson ce a jami'ar McGill ta Kanada, 2015. Yana zazzaga karta da sauri a gaban mutum ya ce riƙe ɗaya a ranka, amma kati ɗaya yakan ɗan daɗe a ido fiye da sauran. Kashi 98 shi suka ɗauka, kashi 9 kacal suka ji kamar an ja ra'ayinsu.