Darasi na 9: Jerin Duwatsun Wuta na Kamaru

Ku buɗe taswira, ku ɗora yatsa a bakin teku a kudu maso yammacin Kamaru, ku ja shi zuwa arewa maso gabas har wajen Tafkin Chadi. Abin da yatsanku ya bi jerin duwatsu ne da aman wuta ya gina, tsawonsa kimanin kilomita 1,600. Farkonsa ma a cikin teku yake, a tsibirai irin su Sao Tome da Biyoko.

Babbansu shi ne Dutsen Kamaru, wanda garin Buea ke gindinsa. Tsayinsa ya ɗan haura mita 4,000, kuma har yanzu wutarsa ba ta mutu ba. A 1999 ya yi aman narkakken dutse, ya malalo a hankali har ya datse titin da ya tashi daga Limbe ya bi gaɓar teku. A 2000 ya sake. Duk da haka mutane ba su tashi ba, domin ƙasar da toka ta zuba a kanta baƙa ce wuluk, ayaba da kwakwar manja suna yi sosai.

Gaba da shi akwai Manenguba, mita 2,411, mai tafki biyu a ramin ƙoƙonsa, inda Fulani ke kiwo. Sai tsaunukan Bambutos, sai Oku mai mita 3,011, wanda aka sani da farar zuma.

A nan sai mu tsaya, don akwai abin da ya kamata kowa ya sani. A yankin Oku akwai Tafkin Niyos, wanda ke zaune cikin tsohon ramin aman wuta. Iskar gas tana tsatsowa daga ƙarƙashin ƙasa tana taruwa a can ƙasan ruwan, kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba. Daren 21 ga Agusta 1986 iskar ta ɓalle gaba ɗaya. Ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ta gangara ta bi kwaruruka. Mutum 1,746 suka rasu, da yawa cikin barci, tare da dabbobi dubbai. Tun 2001 aka kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan. Wanda ke zaune kusa da irin wannan tafki, in ya ji ƙara daga ruwa ko ya ga dabbobi na faɗuwa haka kawai, tudu zai nufa, kada ya bi gangare.

Jerin bai san iyakar ƙasa ba. Ya shigo Najeriya ta Mambila a Jihar Taraba, inda Chappal Waddi yake, mita 2,419, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya. Daga nan sai tudun Adamawa, da tsaunukan Mandara, da tudun Biu a Jihar Borno.

Aiki

Ku rubuta sunayen duwatsu uku daga darasin, kowanne da tsayinsa. Sannan ku lissafa: da mita nawa Oku ya fi Chappal Waddi? Wanda ya gama ya juya ga na kusa da shi ya bayyana masa, da bakinsa ba da karatu ba, dalilin da ya sa iskar Niyos ta fi yin ɓarna a kwari.