Yadda na samu ƙarin albashi wajen maigidana

Albashina a shagonmu na Kasuwar Dole ya tsaya cak, ga buhun gero na ta hawa. Alhamis ranar kasuwa ce a Damagaram, maigida ko zama ba ya samu, don haka na kauce mata. Na jira bayan Sallah da ciniki ya yi kyau, na same shi shi kaɗai bayan la'asar.

Na ce, "Alhaji, yanzu lissafin shago da karɓar kaya daga Kano duk suna hannuna." Na tuna masa tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne, sannan na faɗi adadin da nake so ƙarara. Ya ce in ba shi mako guda. Ƙarshen wata ya ƙara mini jika 10.