Kafin ku koma jami'a daga kwalejin shekara biyu

'Yan uwa masu karatu a kwalejojin jihar Kalifoniya ta Amurka, kada kuɗin makaranta kaɗai ya ruɗe ku. Ku fara bincika kwasa-kwasai nawa jami'ar za ta karɓa cikin waɗanda kuka gama. Wadda ta sa ku maimaita zango guda, ina arharta? Shafin intanet na ASSIST na nuna kwasa-kwasan da za a karɓa, kyauta.

Jami'o'in CSU (California State University) sun fi na UC (University of California) sauƙin kuɗi. In kuma UC ɗin kuke so, rassanta 6 na da shirin TAG mai tabbatar da gurbi, a Satumba ake cikewa, amma ban da rassan Berkeley da UCLA (na Los Angeles).

Sai haya, wadda ni a ganina ita ke karya ɗalibi: ɗaki a Fresno da ɗaki a San Francisco ko kusa kuɗinsu bai zo ɗaya ba.