Kurakuran da muke yi wa shuka da sunan ban ruwa a zafin Kano

Da an shiga Maris da Afrilu zafi ya kai digiri 40, sai mutum ya leƙa da azahar ya ga ganyen tumatur ko barkononsa ya yi yaushi, nan take ya sungumi bokiti ya kwarara. To tsaya tukuna. Ganye yana da wasu mitsi-mitsin ƙofofi, yawanci ta ƙasansa, ido ba ya ganinsu, ta nan shuka take shaƙar iska kuma ta nan ruwa yake fita, sama da kashi 90 cikin 100 na abin da saiwa ta sha nan yake bi. In rana ta take sai shukar ta tsuke ƙofofin da kanta, masara da dawa ma har naɗe ganye suke yi. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ƙyale ta, bayan la'asar za ka ga ta miƙe. Amma in kullum tula mata kake, saiwa ta rasa iska ta ruɓe, ganye ya ƙara langaɓewa, kai kuma ka ƙara ruwa, ga kuɗin ɗan garuwa sun tafi a banza. Ka ba ta da sassafe, ya ratsa ƙasa sosai, ba ɗan yayyafi a sama ba.

Sai dashe. Mutum ya sayo daga wajen masu fulawa na bakin titi, ya yage ledar har ƙasar ta wargaje, ya dasa da tsakar rana, saiwa ta ji ciwo ba ta iya sha ganye kuma yana ta fitarwa, wallahi da wuya ta kai. Yi da yamma, rage ganyen, ka kafa mata kwali ko buhu ya tare rana na 'yan kwanaki.

Mu kuma da son tsakar gida fes, gindin bishiya ma sai an share shi tas. Bar busasshen ganyen nan, ko ka zuba buntun shinkafa, yana riƙe danshi. Tukunyar fulawa ma a daina jingina ta da katangar da rana ke duka, kan siminti.

Takin zamani a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake, jiƙa tukuna.

Wasu kuma da bishiya ta zubar da ganye shikenan ta mutu, a kawo gatari. Haba. Bishiyar kuka haka take yi duk rani don kar ta yi asarar ruwa. Kankare ɓawon reshe da farce, in ka ga kore tana nan da ranta. Alobera kuwa da dare take buɗe nata ƙofofin, ruwanta yana cikin ganye, yawan ban ruwa ne yake kashe ta.

Da hunturu kar sanyi ya ruɗe ka, busasshiyar iskar nan tana zuƙe ganye sosai, a riƙa duba ƙasa kuma a ɗauraye ƙurar da ta kwanta a ganyen lokaci-lokaci.