Yadda nake koya wa kare bin sawu a Kano

Masu zuwa wurina kan fara da tambayar irin karen da za su saya, Jaman Shefad ko Malinuwa. Ni kuwa ina ce musu karen farautarmu na gida ya isa a fara da shi, muddin yana da lafiya kuma yana da kwaɗayin abinci. Hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari sama da miliyan 200, na ɗan Adam bai wuce miliyan 6 ba. Shinshina dai halittarsa ce. Abin da za ka ɗora masa shi ne ya riƙe warin mutum ɗaya, kada ya sake shi don ya ji na akuya. Ga mai jin nauyin abin a zuciyarsa, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka horar, hadisi kuma ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona.

Kafin komai a kai shi wurin likitan dabbobi, a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a rabu da kaska. Sai ka nemi ɗamarar ƙirji, da igiya mai tsawon mita 10, da dafaffiyar hanta da ka yanyanka girman ƙwayar gyaɗa. Kada ka yi amfani da tsire ko kilishi. Yaji na damun hancinsa, albasa kuma guba ce ga kare.

Lokacina bayan sallar asuba ne, tun raɓa ba ta bushe ba. Danshi ne ke riƙe wari a ƙasa, shi ya sa damina ta fi daɗin koyarwa. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, hantsi na yi na tattara, domin wari ya tashi kuma kwalta na ƙona masa tafin ƙafa. Da hunturu ƙura na busar masa da hanci, sai ka riƙa ba shi ruwa akai-akai. Ni gonakin bakin titin Gwarzo nake zuwa, wajen Janguza, bayan na nemi izinin mai gona.

Ranar farko ka ɗaure shi a nesa, ka tattake wuri guda da ƙafarka sosai, ka watsa hanta a cikin wurin kaɗai. Kawo shi, nuna ƙasa, ka ce "nema". Da kansa zai gane cewa inda ƙasa ta canza wari nan abinci yake. Bayan 'yan kwanaki ka ja layi miƙaƙƙe na taki 20, iska tana bayanka, kana ajiye hanta a gurbin kowane diddige. A ƙarshe ka ajiye tsohuwar safarka, ladansa babba a ƙarƙashinta. Idan ya ƙware sai ka rage hantar, ka ƙara tsawo, ka sa kwana ɗaya, wato lanƙwasa a sawun, ka bar sawun ya yi rabin awa kafin ku fara.

Inda aka fi ɓata kare shi ne a hannun mai igiya. Tsaya a bayansa, igiyar ta miƙe ba tare da ta ɗaure ba, tana zamewa tsakanin yatsunka. Ka zuba masa ido. Karyata idan tana kan sawu hancinta na gogar ƙasa, bakinta a rufe, kana jin numfashinta fus-fus, wutsiya a miƙe. Da ta wuce kwana sai kai ya ɗago, baki ya buɗe, ta fara waiwaye. A nan mutane ke fizgar igiya suna "ga shi nan, ga shi nan". Kada ka yi. Ka kafe a inda kake, ka sakar mata igiya ta zagaya, kuma ka yi shiru. Da ta sake dasa hanci ta ja ka da ƙarfi, sannan ka ɗaga ƙafa. Karen da aka saba nuna wa hanya fuskar ubangidansa yake karantawa, ya bar ƙasa.

Saboda haka nake sa ƙanena ya shimfiɗa sawun ni ban gani ba. In na san inda kwanar take, kafaɗata kan juya can ban sani ba, ita kuwa tana lura. Daga baya sai wani ya ratsa sawun, mu ga ko za ta yar da na farko. Minti 15 ya isa a rana, kuma da an gama ka cire ɗamarar, ta san ta aiki ce kawai.

Lungunan cikin gari su ne na ƙarshe, inda warin kwata da na masu suya da dubban ƙafafu suka cakuɗe. Kuma ina roƙon duk wanda ya kai nan, idan an yi sata a unguwa kare ya tsaya a ƙofar wani gida, wannan ba shaida ba ce. Iska kan kwashi wari ta tara a jikin katanga ko a bakin zaure. Janye karenka kafin jama'a su taru, ka je ofishin 'yan sanda ka faɗi abin da ka gani.